Mahalbi, ka san harsashinka kafin ka nufi bakin tabki

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Tabkuna cike suke da ruwa. Barajin Mozage da na Zango, waɗanda ke tare ruwan Magiya domin noman rani na Ƙonni, su ma sun cika. Tsuntsayen ruwa sun fara sauka. Mai sammako zuwa garkar albasa shina jin kukansu tun gari bai waye ba. A wannan lokaci ne masu bindiga ke share bindigoginsu, su fita neman harsashi.

Da yawa daga cikinsu, in sun je wurin mai saidawa, abin da suke cewa kawai shi ne: «Ba ni harsashi biyar.» Ba su tambayar lamba. Ba su duba abin da anka rubuta bisa kwali. Sai mutum shi halba biyar ɗin nan duka, shi koma gida da tsuntsu guda. Wasu uku sun tashi da dalma cikin jiki, za su je su mutu cikin ciyawa, ba mai cin namansu. Kuɗi sun tafi, nama ya zama mushe, dalma kuma ta zube cikin tabki.

Abu uku ne ke sa halbi shi yi kyau: girman ƙwayar da ke cikin harsashi, da matsin bakin bindiga, da nisan tsuntsu. Su uku kamar duwatsun murhu suke. In guda ya goce, tukunya ba ta zama. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Da farko dai, doka

A shekarun babban fari na 1970 zuwa sama, gwamnati ta rufe farauta a duk faɗin ƙasa, don namun daji sun kusa ƙarewa. An yi fiye da shekara 20 tana rufe. Daga baya anka kafa doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afirilu 1998, wadda ta tsara yadda za a yi farauta da yadda za a tsare namun daji.

Mai son halbin tsuntsu da bindiga, takarda biyu ke gare shi. Ta farko, izinin riƙe bindiga, daga hukuma. Ta biyu, izinin farauta, wanda ake ce ma parmi, daga ma'aikatan gandun daji. Su ne za su faɗa maka ko an buɗe farauta bana, da ranar buɗewa da ta rufewa, da wuraren da anka hana. Dokar ta hana farautar dare da fitila. Ta hana sa guba. Ta hana bin nama da mota. Akwai kuma tsuntsayen da ba a taɓawa ko da wane lokaci, kamar gauraka da angulu. Shamuwa kuwa, tun kakanninmu ba mai halbin ta.

Kun san halin da ake ciki da ƴan bindiga a bakin iyaka. Duk wanda jami'an tsaro sunka tarar a daji da bindiga ba takarda, ba mai yarda agwagwa ya fito nema. Don haka a fara zuwa ofishin gandun daji na Malbaza, ko na Ƙonni, ko na Illela, kafin a je kasuwa.

Wane tsuntsu kake nema?

Tsuntsayen ruwa ba girmansu ɗaya ba. Akwai ƴan gida, akwai baƙi.

Cikin ƴan gida akwai kirinjijiya, mai farar fuska, mai fito in tana tashi. Nauyinta bai kai kilo guda ba. Akwai wata babba, wadda namijinta ke da ƙullutu bisa baki, shi kan kai kilo 2. Sai dinya, uwar ɗakinsu duka, mai ƙaho a gwiwar fiffike. Namijin dinya shina kai kilo 5 ko 6, gashinshi da kauri, ƙashinshi da ƙarfi. Waɗannan duka da damana suke ƙwai, su yi ɗiya. Wanda ya halbi uwa da damana, ya kashe ta, ya kashe ɗiyanta.

Baƙi kuwa daga ƙasashen Turai da Rasha suke zuwa. Can suke haifuwa. In sanyi ya matso can, sai su ƙetare teku, su ƙetare hamada, tafiyar fiye da kilomita 4000. Suna isowa wajen Satumba da Oktoba, su koma wajen Maris da Afirilu. Wadda ta fi yawa cikinsu ƴar ƙarama ce, ba ta kai rabin kilo ba, namijinta na da farin layi bisa ido. Akwai kuma mai dogon wuya da tsinin wutsiya.

Saboda waɗannan tsuntsaye ne duniya ta san tabkunanmu. A 1971 ƙasashe sunka taru a garin Ramsar na ƙasar Iran, sunka ƙulla yarjejeniyar tsare tabkuna da fadamu. Nijar ta shiga a 1987. A 2005 anka sa tabki biyu na jihar Tawa cikin jerin masu daraja na duniya: na Tabalak, bisa hanyar Agadas, da na Ɗan Dutsi, yamma da Illela.

To, ƙwayar da ta dace da tsuntsu mai rabin kilo ba ita ce ta dace da mai kilo 6 ba. Ba a yanka sa da wuƙar yankan kaza.

Karanta abin da ke bisa harsashi

Ɗauki harsashi guda ka duba. Lamba huɗu ake rubutawa, wasu bisa jikinshi, wasu bisa kwali.

Ta farko tana ga gindi, wurin jan ƙarfe: 12, ko 16, ko 20. Ita ce faɗin bututun bindiga. Galibin bindigogin da ke hannun mahalbanmu 12 ne, irin su Baikal ta Rasha mai baki guda, da tsofaffin Simplex na Faransa. Kowace bindiga da nata harsashi. Harsashin 20 in ya shiga bindigar 12, sai shi zurma cikin bututu shi maƙale, ba ka gani. In ka sa na 12 bayanshi ka ja kunama, bututu shi fashe a hannunka.

Ta biyu ita ce 70 ko 76. Tsawon harsashi ke nan, da milimita. An buga wannan lamba bisa bindiga ita ma, kusa da wurin da ake sa harsashi. Bindigar 76 tana ɗaukar na 70. Amma bindigar 70, kada a sa mata na 76, ko da ya shiga ya rufe. Ƙarfinshi ya fi abin da anka ƙera ta domin shi.

Ta uku ita ce nauyin ƙwayoyin da ke ciki: giram 32, ko 34, ko 36.

Ta huɗu ita ce babba ga maganarmu: lambar ƙwaya. Za ka ga 8, ko 6, ko 4, ko 2. A nan ne mutane ke ruɗewa. In lamba ta ƙaru, ƙwaya raguwa take yi. Lamba 8 ta fi lamba 2 ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Bisa ma'aunin Faransa, ga yadda suke cikin harsashin dalma mai giram 32:

Lamba 6: kaurinta milimita 2,75, kamar ƙwayar gero. Akwai wajen 260 a ciki.

Lamba 4: kaurinta milimita 3,25. Akwai wajen 160.

Lamba 2: kaurinta milimita 3,75, kamar ƙwayar dawa. Akwai wajen 100.

Ka ga ciniki ne. Ƙanana suna da yawa, amma ƙarfinsu shina ƙarewa da wuri. Manya suna da ƙarfi, suna kai nesa, amma ba su da yawa, ƙaramin tsuntsu shina iya bi ta tsakaninsu shi wuce.

Wace lamba ga wane tsuntsu?

Mahalba sun daɗe da gane cewa sai ƙwaya huɗu ko biyar sun shiga jikin agwagwa, kuma sun kai ga ciki, sannan take faɗuwa nan take. Don haka ana son ƙwaya mai yawan da za ta same ta, mai ƙarfin da za ta huda gashi da tsoka.

Ga kirinjijiya da ƙananan baƙi, lamba 6 ko 5.

Ga mai ƙullutu da manyan agwagi, lamba 4.

Ga dinya, lamba 2 ko 1.

Lamba 8 da 9 na kurciya ne. In ka halbi dinya da su, ƙwayoyin za su tsaya cikin gashi da fata. Za ta tashi, ka ga gashi na zuba, ka ce ta yi sa'a. Ba sa'a ta yi ba, jinya ta tafi yi.

Akwai kuma harsashi mai manyan ƙwayoyi 9, kowace kamar wake. Wasu na cewa shi ne mai ƙarfi, shi za a saya. Na gyado ne da manyan namu. Ƙwaya 9 ba ta rufe tsuntsu. Kuma wadda ta kuskure tana iya kashe mutum ko saniya can ƙetaren tabki. Kada a kai shi bakin ruwa ko kaɗan.

Matsin bakin bindiga

Duk mai ban ruwa da inji a garkar Galmi ya san wannan. In ka bar bakin tiyo a buɗe, ruwa nan kusa shike zuba, shi bazu. In ka matse bakin da yatsa, sai shi tafi nesa a dunƙule. Haka bindiga take. Maƙeran kamfani suna ɗan rage faɗin bututu daga can ƙarshen baki, don ƙwayoyi su fita a tare. Masu saida bindiga suna ce ma wannan matsi shok. Ido ba shi ganin shi sosai, don cikakken matsi a bindigar 12 bai wuce milimita guda ba. Amma aikinshi babba ne.

Ana auna shi haka: a zana da'ira mai faɗin santimita 75, a halbe ta daga mita 35, a ƙirga ƙwayoyin da sunka shiga.

Cikakken matsi: wajen 70 cikin 100 ke shiga.

Rabin matsi: wajen 60 cikin 100.

Kwatan matsi: wajen 50 cikin 100.

Baki marar matsi: wajen 40 cikin 100.

Yawancin bindigogin Turai suna da alamar taurari bisa bututu. Tauraro guda, cikakken matsi. Taurari 3, rabi. Taurari 4, kwata. A nan ma, in alama ta yi yawa, matsi ya ragu. Bindiga mai baki biyu, galibi na dama ya fi buɗewa, na halbin farko ne in tsuntsu na kusa. Na hagu ya fi matsi, na halbi na biyu ne in ya yi nisa. Mai baki guda kuwa, galibi matsinta cikakke ne.

Wane ya fi? Ya danganta ga inda kake tsayawa. In ka ɓuya cikin ciyawa, tsuntsaye na zuwa kusa, mita 20 zuwa 30, kwata ko rabi ya fi. Cikakken matsi a kusa, ko ka kuskure gaba ɗaya, ko ka dagargaza nama. In a buɗaɗɗen baraji ne, inda ba wurin ɓuya, kuma dinya kake nema, matsi mai ƙarfi ya fi. Mai bindiga guda wadda ba a canza mata baki, ba shi da zaɓin matsi. Zaɓinshi shi ne nisan da zai halba.

A kula: wanda ya yanke bakin bindigarshi da zarto don ya lotsa, ya yanke matsin duka. Ba za ta ƙara kai inda take kai da ba.

Gwada bindigarka da takardar siminti

Kada ka dogara ga maganar wanda ya saida maka. Harsashi guda ya isa ka san gaskiyar bindigarka.

Nemi takardun buhun siminti, ka buɗe su, ka haɗa su zama babba guda, kamar tabarma. Kafa ta jikin ganuwa ko tudun ƙasa, nesa da gari, inda ba mutum ba dabba a baya. Yi ɗigo da gawayi a tsakiya. Auna mita 35, wajen taki 45 na babban mutum ke nan. Saita ɗigon, ka halba.

Sannan ka duba inda huda ta fi yawa. Ɗaure gawayi da igiya mai tsawon santimita 38, ka zana da'ira kewaye da wurin. Ƙirga hudar da ke ciki. In lamba 6 ce mai giram 32, kuma ka samu wajen 180, matsinka cikakke ne. In wajen 155 ne, rabi. In wajen 130 ne, kwata. In 100 da ɗan kai ne, bakin ba shi da matsi.

Abu biyu kuma za ka gani. Na farko, ko bindigarka na kai daidai inda ka saita, ko tana karkata sama ko gefe. Na biyu, ko akwai fili cikin da'irar inda tafin hannunka zai zauna bai taɓa huda ba. In irin wannan fili ya yi yawa, agwagwa za ta bi ta nan. Ka rage nisa, ko ka canza lamba.

Taki 45, kada ka wuce

Ko wace irin ƙwaya, ko wane irin matsi, bayan mita 35 zuwa 40 halbi ya zama caca. Ƙwayoyi sun bazu, ƙarfinsu ya ragu. A Amurka, inda ake bin lissafin farauta sosai, an ƙiyasta cewa wajen agwagwa guda cikin huɗu ko biyar da anka halba ba ta zuwa hannun mahalbi. Halbin nesa ne babban dalili.

Tsuntsu a sama shina ruɗin ido. Dinya saboda girmanta sai ka ga kamar tana kusa, alhali tana mita 60. Ga dabara: kafin ka zauna, ƙirga taki 45 daga maɓoyarka, ka kafa kara. Duk tsuntsun da bai shigo tsakaninka da karan ba, ka ƙyale shi. In ba ka iya ganin idonshi da launin gashinshi, ya yi nisa. Haƙuri shi ne babban makamin mahalbi.

Kada ka halba tsakiyar garke ka ce ko wace ta faɗi riba ce. Guda za ta faɗi, biyar su tafi da rauni. Zaɓi guda, ta gefe, ka bi ta da bakin bindiga, ka ɗan wuce gabanta, sannan ka ja kunama.

Akwai maganar addini a nan. Malamai sun karantar da mu a yi bisimilla lokacin halbi, kuma in an tarar da abin da anka halba da sauran rai, a yanka shi. Sun kuma yi gargaɗi bisa wanda ya faɗa ruwa da rai, daga baya anka tarar da shi matacce, don ba a san ko halbin ne ya kashe shi ko ruwan ba. Ku tambayi malaman garinku su ƙara maku bayani. Kun ga halbi mai kyau na kusa shi ne ke ba da nama marar shakka. In tsuntsu ya faɗi da rauni, ka bar sauran, ka bi shi har ka same shi.

Dalma guba ce

Tsuntsu guda ake nema, amma ƙwayoyi ɗari biyu da wani abu ke fita. Sauran ina suke zuwa? Cikin laka suke faɗawa. Harsashi 30 kusan kilo guda ne na dalma. Dalma kuwa ba ta ruɓewa. Tana nan shekara da shekaru.

Agwagwa ba ta da haƙori. Tsakuwa take haɗiya, ƙundunta shi niƙa abinci da ita. In tana kiwo cikin laka, sai ta haɗiye ƙwayar dalma a zaton tsakuwa ce ko tsaba. Ƙundu shi niƙe dalmar, ta narke, ta shiga jini. Sai fiffike shi saki, kashi shi zama kore, ƙirji shi rame. Cikin sati biyu ko uku ta mutu. Ƙwaya guda tana iya yin wannan aiki. Angulu ko shirwa in sun ci gawar, su ma sun ɗauki gubar. Masana sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Tarayyar Turai, kusan tsuntsun ruwa miliyan guda ke mutuwa haka kowace shekara kafin a hana.

Mu mutanen wannan yanki ba baƙin labarin dalma ba ne. A 2010, a jihar Zamfara, nan maƙwabtanmu, yara fiye da 400 sunka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar dutsen zinari mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje. A 2008, a wata unguwa ta bakin Dakar, yara 18 sunka mutu saboda fasa tsofaffin batir na mota ana fid da dalma. Ba harsashi ne ya kashe su ba, amma gubar ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba wani ɗan kaɗan na dalma da za a ce ba shi cutar da yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro shi kasa riƙe karatu.

Don haka masu narka dalmar batir cikin gida suna yin ƙwayar bindiga, su bari. Hayaƙin da ƙurar, mata da yara ke shaƙar su. Makiyaya kuma ku kula: saniya na son lasar fasasshen batir, kuma shina kashe ta.

Harsashin ƙarfe

Saboda haka ne ƙasashe da yawa sunka hana halbin tsuntsun ruwa da dalma. Amurka ta hana a 1991. Faransa ta hana a tabkuna da fadamu a 2006. Tarayyar Turai duka ta hana a 2023, cikin ruwa da mita 100 kewaye da shi. Akwai kuma yarjejeniyar 1995 ta tsare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya. Nijar na cikinta, kuma ta nemi kowace ƙasa ta bar dalma a bakin ruwa.

Abin da ya maye gurbinta shi ne ƙwayar ƙarfe. Bisa kwali za ka ga an rubuta «acier» ko «steel». Na dalma kuwa «plomb» ake rubutawa. Ka tambayi mai saidawa. In masu tambaya sun yi yawa, zai kawo. Amma ƙarfe na da nashi sharuɗɗa.

Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, ya rage da kusan kashi guda cikin uku. Don haka ana ƙara girman ƙwaya da lamba biyu. Inda kake sa dalma lamba 6, sa ƙarfe lamba 4. Inda kake sa 4, sa 2. Kuma ka ɗan rage nisa.

Ƙarfe ba shi lotsawa kamar dalma. In ya zo wucewa ta baki mai cikakken matsi, shina iya kumbura bututu. Kada a wuce rabin matsi. Dama ƙarfe ya fi dalma tafiya a dunƙule.

Bindigar da anka gwada domin ƙarfe mai ƙarfi, a Turai ana buga mata alamar fure mai kunne uku. Wadda ba ta da alamar, ko da lafiyarta lau, kada a sa mata ƙarfen da ya fi lamba 4 girma. Tsohuwa mai tsatsa da ƙirar maƙeran gida kuwa, kada a sa masu ko guda.

Masu bindigar ɗuri, irin ta harba-ka-ruga, ku ji wannan da kyau. Kada ku fasa harsashin kamfani ku zuba albarushinshi cikinta, ƙarfinshi ya fi ƙarfinta. Kada ku ɗura ƙusa ko guntun ƙarfe. Yatsu da idanu da yawa sun tafi ta wannan hanya.

In dalma kaɗai ke hannunka

Galibin harsashin da ke hannun mahalbanmu na dalma ne. Kafin na ƙarfe shi wadata, ga abin da kowa ke iya yi.

Rage yawan halbi. Harsashi biyu masu kyau sun fi goma na caca.

Kada ka halba bisa ruwa ko laka. Tsaya a hanyar da tsuntsaye ke bi in za su kiwo da safe ko in za su dawo da marece, ka ba tabki baya, ƙwayoyi su faɗi bisa tudu.

In ana gyaran nama, a cire duk ƙwayar da anka gani, a yanke wurin da ta bi a yar. Kada a dafa shi da tsamiya ko yakuwa ko wani abu mai tsami, don tsami na narka dalma ta shiga romo. Kada a ba ƙananan yara da mata masu ciki.

A buɗe ƙundu a duba. In akwai dalma ciki, ko tsuntsun ya rame ƙwarai, a bar shi. A haƙa rami a turbuɗe kayan ciki, kada kare ko angulu su ci.

Tsuntsun da ka tsinta matacce ko marar lafiya, ba kai ka halbe shi ba, kada ka taɓa. Ku tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006. In kun ga suna mutuwa da yawa, ku gaya ma likitan dabbobi.

Ba kai kaɗai ke bakin tabki ba

Tabki na kowa ne. Makiyayi na shayar da shanunshi. Mata na wanki. Yara na wanka. Masunci na cikin ruwa, mai garka na duƙe bayan shinge. Ƙwayar da ba ta iya kashe agwagwa a mita 60 tana iya tsiyaye idon yaro nesa da nan. Lamba 4 da 2 suna tafiya kusan mita 300 kafin su faɗi. Kuma ƙwaya in ta bugi ruwa a kwance tana tsalle, kamar dutsen da yara ke jifa, ta canza hanya. Ta ƙarfe ta fi ta dalma tsalle.

Kafin ka ɗaga bindiga, dubi abin da ke bayan tsuntsu. Kada ka halbi motsi cikin ciyawa. Kada ka halba lokacin da shanu ke mashaya. In ka faɗi, ko bakin bindiga ya taɓa laka, buɗe ta, ka cire harsashi, ka leƙa bututu. Ƴar laka kaɗan ta isa ta fasa shi. A gida, bindiga dabam, harsashi dabam, inda hannun yaro ba shi kai, kuma inda ba laima.

Muna kira ga sarakunan baka su tara mutanensu kafin a buɗe farauta, su gayyaci ma'aikacin gandun daji, a karanta wannan tare. Mahalbin da bai iya karatu ba, shi zo makarantar yaƙi da jahilci da ƙwanson harsashin da ya riga ya halba. Lamba huɗu ce kawai, cikin ƴan kwanaki zai gane su. Daga nan ba mai ƙara saida mashi na kurciya a ce na dinya ne.

Kakanninmu sun bar mana tabkuna da tsuntsaye a ciki. Mu ɗauki abin da za mu ci, mu bar saura su hayayyafa. Allah shi tsare mu, shi tsare dukiyarmu, shi kai mu damana lafiya. Amin.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Dogarawa